Turakun da Aka Kafa a Garkar Albasata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Buron Noma na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali. Ni tsohon malamin lakwal ne, na koyar da labarin ƙasa har gemuna ya yi fari, yanzu ina zaune a ƙauyenmu cikin karkarar Dogarawa. Fansho ba ya kai ni tsakiyar wata. Garkar albasa da na gada a kwarin Magiya ita ke ciyar da gidana. Na sha zuwa buronku, kullum sai a ce kuna taro, shi ya sa na rubuto a fili.

A watan Agusta ma'aikatanku suka zo da mota, suka auna fadamarmu, suka kafa turaku masu jan fenti, wasu a tsakiyar garkata. Daga baya wani matashin malamin gona ya tara mu a ƙofar maigari, ya nuna mana hotuna a wayarsa: shinkafa kore shar har gindin duwatsu, mata na kamun kifi. Ya ce ƙasar mutanen Meitei ce a Indiya, inda kuka je ziyarar aiki, kuma za a gina madatsa a tare ruwa, mu ma mu koma shinkafa da kifi. Da na ɗaga hannu, sai ya ce Baba ya yi haƙuri, zamani ya canza. Tun ranar ba ni da kwanciyar rai.

Na ɗaya. Ban raina mutanen Meitei ba. Na nemi labarinsu, kuma sun burge ni. A cikin kwari suke zaune, duwatsu sun kewaye shi, ruwan sama na zuba musu wata da watanni, koguna na gangaro musu. Suna da babban tafki da ciyawa ke yawo a kansa kamar tabarma, har a kafa bukka a bisa. Gidaje da yawa na da kududdufin kifi, matansu na saƙa, su ke riƙe da kasuwa. Shinkafa da kifi ba wani shugaban buro ya kawo musu ba, ƙasarsu ce ta koya musu. Ranku ya daɗe, shinkafar kuka gani, ba ku tambayi ruwan ba.

Na biyu. An auna fadamarmu a watan da ya fi kowane yaudara. A Agusta ruwa na malala har gwiwa, baƙo ya ɗauka tafki ne. Kafin a gama yankan dawa ya nutse. Wannan nutsewar ita ce arzikinmu, don ita ke cika rijiyoyin garka da muke ban-ruwa da su duk rani. In an tare shi a sama, mu da ke ƙasa me za mu jawo? Na ga shekarun da rijiya ta koma laka, ban manta abin da muka ci ba.

Na uku, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. Mu ba mu sayen irin albasa. Kowace shekara mukan zaɓi kawuna mafiya kyau daga rudu, wato rumbun albasa, mu dasa su su yi fure, mu karkaɗe iri. Nawa daga hannun mahaifina ya fito. Irin albasa kuwa ba ya jira: in ya tsallake shekara, yawancinsa ba ya tsira. Ga lokacin yafa iri ya zo. An ce kar mu taɓa wurin da aka kafa turaku, ba a ce sai yaushe ba. In na bi umarni na zauna, shinkafar ta zo ko kar ta zo, ni dai irina ya mutu. Matata Hajara, wadda ke daka ganyen albasa ta yi gabu ta kai kasuwa, kullum sai ta tambaye ni ko Malam ya ji wani labari. Na gaji da ce mata a'a.

Na yi shekaru ina gaya wa yara cewa ilimi zai gyara ƙasar nan. Wasu cikinsu su ne yau ke auna gonata ba sallama. Ba na tsammanin godiya, amsa nake nema.

Roƙona ga shi. A bar mu mu yafa iri bana, a faɗa da baki a gaban maigari. A dakatar da madatsar har sai an zauna da masu garka da makiyayan da ke shayarwa a kwarin. Sa'an nan ku da kanku ku zo a watan Afirilu, in kai ku wurin da aka rubuta muku tafki, ku tsaya a tsakiyarsa. Ku zo da takalmin buro, ba zai jiƙe ba.

Iri na nan cikin ƙwarya a ɗakina. In kasuwar Dogarawa mai zuwa ta ci ban ji daga gare ku ba, zan yafa shi tsakanin turakunku, kowa na gani. In jandarma za a aiko, a garka za su tarar da ni.

Allah ya ba ku lafiya da mashawarta na gari, ya sa ku gama aiki da mutunci, ya ba 'ya'yanku abin da za su gada wanda ba wanda zai kafa wa turke.

Wassalam.

Malam Ilya, tsohon malamin lakwal,
daga kwarin Magiya.