Baba, Ranar Litinin Zan Yabi Kaina

Zuwa ga mahaifina, Baba Yashim,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana hutawa lafiya a inda ka riga mu. Mama tana nan tana fama da ƙafarta, amma ba ta fasa zuwa gona ba. Rahilarka ce daga Kafanchan, kuma izinin yi maka rashin biyayya na zo nema.

Ranar Litinin zan je Kaduna, zan sauka wurin Anti Saratu a Sabon Tasha. Wani kamfanin talla zai ɗauki mutum ɗaya daga ajinmu, ina cikin waɗanda aka kira intabiyu. Ina son aikin nan, Baba, har cikin raina. Abin da ya tsaya tsakanina da shi kuwa tarbiyyarka ce.

Ka tuna lokacin da masu sayen citta suke zuwa Nok da mota? Mutum zai ɓalla cittarka, ya shinshina, ya ce duk kakar bai ga irinta ba. Kai kuwa sai ka sosa ƙeya ka ce, "Ƙasa ne ya yi, ruwa ya taimaka."

Ranar da na zo ta ɗaya a firamare, na shigo gida da ihu. Kana wasa fartanya, ko ɗago kai ba ka yi ba. "Bari wasu su faɗa," abin da ka ce ke nan. Da yamma ka sayo mini burodi, amma bakinka bai ƙara komai ba.

To, yarinyar da ta tashi a haka ita ce ta je karatun talla. Aikin farko da aka ba mu tallar sabulu ce ta rediyo. Na zauna na yi gumi, na rubuta cewa sabulun ba laifi, wanda ya ga dama ya gwada. Aji ya kwashe da dariya. Chinedu, wanda kakansa aikin jirgin ƙasa ya kawo shi garin nan, har yau in ya hango ni sai ya ce, "Madam Ba Laifi, yaya kasuwa?"

Na ji kunya, amma ban gudu ba. Na koyi ɗaukar hoto da safe kafin rana ta yi ƙarfi. Na koyi rage surutu. Na koyi zama a kasuwa ina lura da abin da ke sa mace ta wuce wannan tebur ta tsaya a wancan. Bara matan zumunta na majami'armu suka fara lemon citta na kwalba, ni na yi musu talla. Muryar ɗaya daga cikinsu, Mama Laraba, kawai na ɗauka, tana kurɓa, tana tari, tana dariya, tana cewa a ƙaro mata. Aka yi ta turawa a waya har Kauru. Ranar bikin godiya, kafin a tashi daga sujada babu kwalbar da ta rage.

Makon jiya malamarmu ta yi mana gwajin intabiyu. Ta saurari tallar, ta gyaɗa kai, sannan ta tambaye ni me ya sa za a ɗauke ni. Baba, muryarka ce ta fito daga bakina. Na ce matan ne suka iya lemo, kuma akwai waɗanda suka fi ni a ajin. Ta rufe kwamfuta ta ce, "Rahila, in kika faɗi haka a Kaduna za su yarda da ke, su kira na bayanki."

Tun ranar nake tunanin waɗannan wasun naka da ka ce a bari su faɗa. Sun faɗa, Baba. Ranar jana'izarka majami'a ta cika har waje. Fasto ya faɗa, dillalan citta suka faɗa, har maƙwabcin da kuka daɗe kuna rigimar iyakar gona ya miƙe ya ce babu manomi kamarka a ƙasar Jaba. Ina zaune a gaba ina kallon akwati, haushina ya fi hawayena yawa. Ko kalma ɗaya ba ka ji ba.

Ban ce ka yi kuskure ba, har gobe ina tsoron girman kai. Ba zan ƙara gishiri ba, ba zan taka kowa ba. Amma in sun tambaye ni, zan ɗaga kai in ce ni na yi tallar nan daga farko har ƙarshe, kuma na iya aikin. Kowace safiya ina gwadawa a gaban madubi. Maganar ta fara fita.

Ubangiji ya ba ka hutu cikin salama. Ni kuma ya buɗe bakina ranar Litinin, ya tsare shi daga ƙarya, ya hana shi yin shiru. In ka jiyo 'yarka daga can tana yabon kanta, kada ka kawar da kai, Babana. Ka daure ka saurara har in gama. Amin.

'Yarka mai kewarka,
Rahila