Shekara Bakwai a Bencin Baya

Da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, wanda na bi tun ina saurayi, kuma ban yi da na sani ba.

Ni ne Istifanus Ya'u, ɗan Malam Jumare na Kwarbai, maɗinkin manyan riguna. Ina rubuta wannan da hannuna a watan Nuwamba na 1994 zuwa gare ku 'ya'yana uku, Dogara da Larai da Jummai. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana yi mini gardama, amma hankalina garau yake. Na faɗi haka ne don na san akwai mai cewa tsohon ya ruɗe. Ban ruɗe ba. Jiya ma na zura zare a allura ba tabarau.

Na ɗaya. Ba na bin kowa bashi, ba mai bina. Gidan nan na bayan ganuwa naku ne ku uku, kada a sayar, kada a ja katanga a tsakiyarsa. Gonar bakin rafin Kubanni Larai ce za ta riƙe, domin ita ce ta san inda iyakarta take. Alluraina da takardun zanen askar riga na Jummai ne, ita kaɗai ta zauna ta koya, duk da dariyar da aka yi mata wai ɗinkin riga ba na mata ba ne. Dogara, ka ɗauki rigata ta tsamiya mai aska takwas. Kana son a gan ka a gaban jama'a, to ga abin sawa.

Na biyu. Takardar da Dogara ya kawo mini ranar Lahadi tana ƙarƙashin tabarmata, ban sa mata hannu ba, ba kuma zan sa ba. Larai da Jummai ba ku nan, don haka ku ji abin da ke ciki. Surukinsa Bahago, shugaban dattawan ikilisiyarmu, shi ya rubuta ta. Zaɓi biyu ya ba ni kafin a ɗauke mini horo in sake cin Jibin Ubangiji: ko in amsa cewa na haɗa baki da waɗanda suka ƙona mana majami'a, ko in faɗi sunan wanda ya sanar da ni za a ƙona ta. Ɗana na cikina ya durƙusa ya miƙo mini biro yana cewa, "Baba, suna ɗaya ne fa, ka faɗa ka huta." Na san kana tausayina, Dogara. Na kuma san ana zaɓen dattawa a watan gobe, ɗan mai horo kuwa ba ya hawa kujerar. Wanne ya fi nauyi a zuciyarka, kai da Ubangijinka kuka sani.

Na uku. Wannan shi ne gadon gaske, sauran duk tarkace ne. Ku karanta shi a zaune.

Kun san yadda na bar gidanmu. Na kwanta asibitin mishan da gyambo a ƙafa, na fito da ƙafa lafiya da kuma bangaskiya. Ranar da aka yi mini baftisma babana ya sa aka jefo kayana ta kan katanga. Duk Kwarbai mutum ɗaya ce ba ta tofa mini yawu ba, ƙanwata Ummukulsum, gwaggonku. Tana 'yar shekara goma sha biyu take ɓoyo tuwo a ƙarƙashin tallarta ta same ni a Ƙofar Doka. Daga baya zafin ya lafa, maɗinka suka bar ni in zauna a zaurensu na Ƙofar Gayan, tunda allura ba ta tambayar addini. Kullum in shiga birni da safe in fito da yamma. Abin da ya sa wasu a coci suke kirana mai ƙafa biyu ke nan, alhali shekara talatin da ɗaya ni ke share majami'a, ni ke buga ƙararrawa, ni ke shirya teburin Jibi. Mayafin bagade ma da hannuna na ɗinka shi, wata biyar ina kai.

A watan Maris na tamanin da bakwai, da rana tsaka, gwaggonku ta zo ƙofar zauren maɗinka, matar da ba ta fita sai da dalili. Ta ce wa mijinta asibiti za ta. Ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, gobe za su je wa cocinku. A zaurenmu na ji ana shiryawa, har da Ja'afaru. Ku kwashe abin da za ku iya. In sunana ya fita, ka kashe ni." Ja'afaru ɗanta ne na fari, kun yi wasa tare da shi.

Na hau keke ban tsaya ko'ina ba sai shagon katakon Bahago, domin Fasto ya yi tafiya. Na gaya masa, ban da sunan. Yana cin gyaɗa. Ya ce, "Ku 'yan birni tsoro ya yi muku yawa. Wa zai taɓa ɗakin Allah?" Na ce aƙalla a sallami Baba Auta mai gadi ya kwana biyu a gida. Ya ce ba ni ke ba da umarni ba. Na je wurin Baba Auta da kaina, ya ce sai abin da shugaba ya faɗa. Sai na zuba ƙoƙon Jibi da littafin baftisma da mayafin bagade a buhu na kawo gida. Washegari aka ƙona majami'ar ƙurmus. Baba Auta ya kwana uku yana jinyar ƙuna, ya cika.

Lahadin farko muka yi sujada a kan toka. Ni kuma da wautata na kwance buhu a gaban jama'a, ina zaton za a yi murna. Mata sun fara kuka suna taɓa littafin, kowa na neman sunan ɗansa. Sai Bahago ya miƙe ya ce, "Malam Istifanus, yaya aka yi ka sani?" Na ce ai na gaya maka a shagonka. Ya ɗaga hannu sama a gaban ikilisiya ya ce bai gan ni ba duk makon nan. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ya san in aka yarda da ni, jinin Baba Auta a wuyansa yake. Dattawa suka zauna, suka ce in faɗi wanda ya sanar da ni a miƙa wa hukuma. Da na faɗa, da Ja'afaru ya tafi kurkuku, da mijinta ya kore ta da tsufanta, da unguwa ta cinye ta ɗanya. Na ƙi faɗa. Aka karɓe makullai daga hannuna, aka mai da ni bencin baya inda ake zaunar da mazinata.

Shekara bakwai ke nan. Ban fasa sujada ko Lahadi ɗaya ba sai da ƙafa ta ƙi. Duk ranar Jibi ina kallon ƙoƙon da na ɗauko a buhu yana bin layi layi, ya zo bencin da ke gabana ya juya. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba. Har yau yana ci.

Na huɗu. Game da Bahago. Sabon Fasto, yaron kirki, ya zo ya ce in yafe masa kafin in tafi. Na gwada. Ina roƙon Ubangiji ya yafe masa, wannan ina iyawa. Amma in na zo cewa ni na yafe, sai bakina ya yi nauyi, kuma ba zan yi wa Allah ƙarya da ƙafa ɗaya a kabari ba. Ku taya ni addu'a a kan wannan, ko na kai kafin lokaci. Abin da na hana shi ne ya yi jawabi a kan gawata. Na san shi, zai zo da farin hankici ya ce mun yi rashi. In ya zo gaisuwa ku shimfiɗa masa tabarma ku ba shi ruwa, uban matar Dogara ne, kakan jikokina. In ya buɗe baki, Larai, ki tayar da waƙa. Ke kuma Jummai, ki daina zagin Safiyatu matar yayanki a kan laifin ubanta. Yarinyar nan ta wanke mini ƙafa sau nawa ba ta yamutsa fuska ba. Gabar da ke tsakaninku ta ƙare daga yau.

Na biyar. Jana'izata. Wanda ya mutu cikin horo ba a shigar da gawarsa majami'a. Na san dokar, ni na sha rufe ƙofa a kan wasu, Allah ya gafarta mini. Kada ku je roƙon kowa. Kada in ji an ce 'ya'yan Istifanus sun durƙusa a shagon katako. In sun ba da wuri a maƙabarta, to. In sun hana, ku kai ni gonar Kubanni, gindin ɗorawar nan ta gabas. Larai ta yi karatu, Jummai ta yi addu'a da Hausa, matan zumuntar coci duk wadda ba ta jin tsoro ta zo ta yi waƙa.

Ƙanena Shehu kuma ya aiko sau biyu, wai tunda mutanena sun yar da ni, in lokaci ya yi a kawo ni Kwarbai su yi mini sutura kusa da babanmu. Ku gode masa da ladabi, ku ce a'a. Dattawa ne suka kore ni daga tebur, Almasihu bai kore ni ba. Kirista na rayu, Kirista zan kwanta. Ku kula, mutanen birni ba sa jinkiri da gawa, kada ku bar ni ni kaɗai da kowa ko na awa ɗaya.

Na shida. Gwaggonku tana nan da rai, idonta ya yi rauni, kuma a gidan Ja'afarun nan take cin abinci yanzu. Ku ci gaba da zuwa mata yadda kuka saba, da Sallah ku kai gaisuwa, da Kirsimeti ku aika mata shinkafa da nama. Kada ku gode mata. Kada ku yi mata wani kallo na daban, bangon gidan nan yana da kunne. Ja'afaru in ya gaishe ku ku amsa. Ban ce ku so shi ba, ni ma ba na iya haɗa ido da shi, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Sunan gwaggonku ba zai fita daga bakin ɗayanku ba muddin tana numfashi. Ba ga Fasto ba, ba ga miji ba, ba ga mata ba. Dogara, da kai nake. Abin da ka faɗa wa Safiyatu a ɗaki, ko ba da nufi ba, zai karya kumallo a gidan ubanta. Na yi ta juya ko in ɓoye maka wannan takarda in bar wa ƙannenka, na ga in na yi haka na raba gidana da hannuna. Don haka ga shi na ba ka. Za a ci gaba da ce maka ɗan maci amana, wataƙila kujerar dattijo ta wuce ka, kuma maganin duka yana kan harshenka. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ranar da Allah ya karɓi ran gwaggonku, ku shiga birni ku uku ku zauna zaman makoki har a share. Lahadin da ta biyo, lokacin sanarwa, Dogara ya miƙe ya karanta abu na uku daga farko har ƙarshe, ya tsallake sunan Ja'afaru kawai. Kai za ka karanta, ba Larai ba. In Bahago yana da rai, ya ji da kunnensa. In ya riga ta tafiya, to ya riga ya ji a inda ba a ɗaga hannu a yi musu.

Ku riƙe juna. Ku ci a kwano ɗaya ko da sau ɗaya a wata, kada ku bar sujada saboda abin da aka yi mini, majami'ar ba ta Bahago ba ce. Larai, Ubangiji ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki yadda kika yi mini. Jummai, Ubangiji ya sa albarka a hannunki, ya sanyaya miki zuciya fiye da tawa.

Dogara, ɗana na fari, kai ma na sa maka albarka, ban rage ko ƙwaya ba. Amma na ɗaura ta a bakinka. In ka riƙe shi har gwaggonka ta kwanta lafiya a kabarinta, taka ce, kai da 'ya'yanka. In ka sayar da ita don kujera, ka cire sunana daga bayan naka.

Ni ne mahaifinku,
Istifanus Ya'u