Ƙwai Goma Sha Ɗaya da Ƙaryar da Na Yi wa Yayata

Anti, don Allah ki taimake ni, kuma in da hali kafin ranar Lahadi. Sau uku ina fara wannan wasiƙa ina yagawa, don duk sanda na karanta sai in ga kamar za ki ce mace mai shekara arba'in da biyu ta rasa abin yi wa kuka sai ƙwan kaza. Wataƙila haka ne. Amma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Shekara goma sha huɗu muka yi gida ɗaya ni da yayata, tun bayan da aurena ya mutu, ita kuma mijinta ya rasu. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida da sito. Ni ina aikin ajiyar fayiloli a ofishin wata makaranta, ita tana kiwon kaji. Kajin ba su da yawa, amma iri ɗaya ne tun daga na mahaifiyarmu, wake-wake masu tukku a ka. Halinsu ne ba sa jure kwanci, sai kaza ta yi kwana biyar a kan ƙwai ta tashi abinta. Shi ya sa Yaya ta sa kafinta ya yi mata akwatin ƙyanƙyasa na katako, da gilashi a gaba, fitilu biyu a sama, farantin ruwa a ƙasa, maɓallin ƙara zafi da ragewa, da batir saboda ɗaukewar wuta. Yana cikin sito, a kan tsohon teburin ɗinkinta.

Aikina a ciki ɗaya ne. Idon Yaya ba ya ganin ƙananan lambobi, don haka kullum da safe ni nake durƙusawa in karanta mata ma'aunin zafi, in rubuta. Ni dai tun ina aji uku na sakandare nake rubuta komai a littafi, ko ruwa aka yi sai na sa kwanan wata. Akawu take ce mini. Takan ce ranar da zan mutu ma sai na nemi biro na rubuta lokaci. Na duba littattafan nan kaf, Anti, shekara goma sha ɗaya, kusan kullum digiri arba'in ne. Ita ko saurarena ba ta cika yi ba. Sai ta ɗauki ƙwai ɗaya ta ɗora a kan fatar idonta, ta yi jim, ta mayar. Wannan ban taɓa rubutawa ba, don ban ga lambar da zan sa masa ba.

Wata biyar da suka wuce ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Ɗanta ya zo ya tafi da ita garin da yake aiki, tafiyar awa uku a mota, don can ne akwai masu gashin ƙashi kuma matarsa tana gida. Ban ja da shi ba, gaskiya ya faɗa. Da ana sa ta a mota sai ta riƙe gefen mayafina da hannunta mai motsi, tana nuna sito da ka.

Na ce zan yi abin bisa tsari. Na wanke akwatin tas. Garin wankewa ƙusar da ake rataya ma'aunin a kai, can sama a lungu kusa da fitilun, ta karye don ta yi tsatsa. Da ma na karanta a wata takarda da mai sayar da abincin kaji ya ba ni cewa a daidai saman ƙwai ya kamata ma'auni ya zauna, sai na ɗaure shi a nan da waya, har na ji daɗi don yanzu ba sai na durƙusa ba. Da na kunna sai ya nuna talatin da takwas. Sai na murɗa maɓallin a hankali har ya koma arba'in, na sa alamar fensir a wurin. Takardar talatin da takwas ta ce, amma na ɗauka na injinan kanti ne, kuma ba zan bar abin da na rubuta da hannuna shekara goma sha ɗaya in bi takardar talla ba. Ina faɗa miki wannan ne don ki san ba sakaci na yi ba.

Na farko ƙwai ashirin da huɗu na sa. Kowane na yi masa ɗigo a gefe ɗaya, layi a ɗaya gefen, ina juyawa sau uku: kafin in fita aiki, da tsakar rana in hau babur in dawo, sannan da yamma. Rana ta goma sha tara na ji kuka, alhali ashirin da ɗaya na sani. Uku suka fito, ƙafafunsu a ware, ba sa iya tsayuwa, kwana biyu suka yi suka mutu. Sauran da na fasa na same su da gashinsu da bakinsu, komai ya cika, a mace. Na biyu ashirin na sa. Na daina shafa mai a hannu, na ƙara juyi zuwa sau biyar, na canja farantin ruwa. Ɗaya tak ya fito. Na sa shi a kwali kusa da tabarmata, in na shigo daga aiki sai ya ɗaga murya. Ban san gidan ya yi shiru haka ba sai da aka sami abin da ke amsa sallamata. Kwana huɗu ya yi.

Ga abin da ya fi damuna. Duk Juma'a ɗan nata yakan kira ya kara mata waya a kunne. Maganarta ba ta fita sosai, amma kalma ɗaya nake ganewa sarai, tana tambaya nawa ne. Ranar farko na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na ji kaina na ce goma sha takwas. Ta yi wani sauti mai kama da dariya. Tun daga ranar nake ƙarawa. Har shafi na ware a bayan littafina ina rubuta ƙaryar kowane mako don kada in saɓa. A bisa wannan shafi yanzu muna da kaji talatin da shida, wasu har sun fara cara. A tsakar gida kuwa kaji huɗu ne, duk mata.

Na ce duk mata, don zakaran ya mutu ranar Alhamis. Hedimasta Yaya ta sa masa suna saboda yadda yake zagaya gida yana leƙa kowa. Tsufa ne, da safe na same shi a ƙarƙashin kwandon da yake kwana. Mai abincin kaji ya ce ƙwan da kaza ta saka cikin mako ɗaya ko fiye bayan rabuwa da zakara yana iya yin ɗa. Na tara goma sha ɗaya, suna cikin faranti a wuri mai sanyi, tsininsu a ƙasa. Yau Talata. Ya ce in suka wuce kwana goma amfaninsu ya ragu, wato Lahadi ke nan. Daga su babu wasu. Kuma na kasa sa su a akwatin. Nakan tsaya a ƙofar sito da farantin a hannu, sai in koma. Na fara tunanin hannuna ne ba shi da albarka, don a gaskiya babu wani abu mai rai da ya taɓa girma a hannuna.

Ban je duba ta ba sai sau ɗaya, a watan farko. Nakan ce juyin ƙwai ne ya hana ni. Ɗanta ya daina tambayar yaushe zan zo, matarsa kuma gaisuwarta ta gajarce. Na san abin da suke tunani. Amma in na je ta dube ni ta tambaya, ba zan iya yin ƙaryar a gabanta ba, kuma an ce likita ya hana a tayar mata da hankali. A ofis ba wanda ya sani. Da rana nakan ci abincina a bayan kabad ɗin fayiloli, in dawo gida in dafa na mutum biyu bisa kuskure.

Anti, in sa ƙwan nan ko in bar su? Kuma in faɗa mata, ko in ci gaba har Allah ya yi ikonsa?

Ƙanwar Mai Kaji

AMSA

Ƙanwata, na tsallake wasiƙu da dama na sa taki a wannan makon saboda Lahadin da kika ambata. Bari mu fara da akwatin, don shi ne mai sauƙi.

Hannunki lafiyarsa ƙalau. Ni ba gwanar kaji ba ce, don haka na karanta wa wata dattijuwa mai gidan gona wasiƙarki, kuma ban kai ƙarshe ba ta tsayar da ni a wajen ƙusa. A akwati irin naku, wanda babu fanka a ciki, zafi a sama yake taruwa. Arba'in ɗin da kika yi shekaru kina rubutawa zafin lungun sama ne, kusa da fitilu. A ƙasa inda ƙwai suke, talatin da takwas ne tun fil azal, kuma abin da ma'aunin ya nuna miki ke nan ranar da kika sauko da shi. Sauke shi da kika yi daidai ne. Kuskuren shi ne kin sauko da ma'auni kin taho da tsohuwar lambarsa. Fitowa kafin lokaci, ƙafafu a ware, mutuwa a cikin ɓawo, ta ce duk alamun zafi ya yi yawa ne. Yayarki ba da lambarki take aiki ba, da fatar idonta take yi, shi ya sa ba ta taɓa lura ba balle ta gaya miki.

Yau ɗin nan ki bar ma'aunin a daidai saman ƙwai, ki rage maɓallin har ya tsaya tsakanin talatin da takwas da talatin da takwas da rabi. Ki sayi ma'aunin zazzaɓi a kemis ki ajiye kusa da shi don ki tabbatar ba ya yaudararki. Ki goge tsohuwar alamar fensir. Ki bar akwatin a kunne babu ƙwai har Lahadi don zafin ya daidaita, sannan ki sa. Juyi sau uku ya isa. Rana ta bakwai ki haska su da tocila a cikin sito ki cire waɗanda ba su kama ba. Daga rana ta goma sha takwas ki ƙara ruwa, ki daina juyi, kada ki buɗe ko kin ji kuka. In akwai maƙwabciya mai kaza a kan kwanci, ki roƙe ta ta karɓi biyar, don kada ki tara su duka wuri ɗaya. Ba zan ɓoye miki ba: zakaran tsoho ne kuma ƙwan sun kwana biyu. Kina iya samun shida, kina iya samun biyu, kina iya rasawa. Amma a faranti babu ko ɗaya da zai fito.

Sai maganar Yaya. Ban ga mugunta a ƙaryar farko ba. Kin ji muryar mara lafiya kin so ki ba ta abin farin ciki, kuma tsoronki game da lafiyarta ba shirme ba ne. Sai dai ki dubi abin da ƙaryar ta ci. Don ki tsare kaji talatin da shida da babu su, kin hana ta ƙanwa ɗaya da take da ita, kin kuma bar ɗanta da matarsa suna ɗauke da jinya suna zaton kin yar da su. Ke ma kin kulle kanki a gida da abin da ba ki iya faɗa wa kowa. Ina shakkar in akwai adadin kajin da za ta yarda a musanya mata da wata huɗu na rashin ganinki.

Ki kira ɗanta yau, ba a gabanta ba, ki faɗa masa komai yadda kika faɗa mini. Shi ya san ƙarfin jikinta a yanzu, in da bukata ya tambayi likitanta yadda za a shigar mata da maganar. Sannan ki lura da wannan: ranar Asabar akwatin babu komai a ciki, babu abin juyawa, babu uzuri. Ki zuba wa kajin hatsi da ruwa, ki shiga motar safe, ki kwana can, ki dawo Lahadi ki sa ƙwanki.

In kin isa, kada ki cika ta da kuka da neman gafara. Ki zauna a ɓarin da take ji, ki faɗa mata gaskiya a taƙaice, sannan ki tambaye ta shawara a kan goma sha ɗayan nan: wanne za a sa, wanne za a bari, yaya ruwan zai kasance. Ki jira amsarta ko za ta ɗauki rabin awa tana haɗa kalma. Mutumin da ciwo ya kwantar, kowa jikinsa yake tambaya, an daina tambayarsa abin da ya sani. Wata biyar ke nan ba wanda ya bukaci iliminta, ke kuwa da gaske kike bukatarsa. Tana iya yin fushi, ki bar ta ta yi, haƙƙinta ne, kuma ba ta wayar tarho za ta yi shi ba, a gabanki za ta yi.

Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa albarka a ƙwan nan, ya kai ki lafiya ya dawo da ke da zuciya mara nauyi.

Anti