Gayyar Fentin Ɗakin Sakina

Makoda, ranar Lahadi.

Zuwa ga jikana, maigidana Ja'afaru,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya dakon buhuna a Dawanau? Mu nan alhamdu lillahi, sai gwiwar nan da ta ƙi ni.

Bayan haka, saƙonka ya iso ta bakin direba, wai kakarka ta ɓata maka fenti. Ni? Kai da ka aiko bokiti ɗaya da wani abu mai gashi wai shi rola, ba ka ce ga yadda ake yi ba, ka dai ce a gama ɗakin kafin dangin amaryarka Sakina su zo jere ranar Juma'a. To a garin nan in aiki ya matso me ake yi in ba gayya ba? Na dama kunu, na kira maza.

Ka ji abin takaici. Baffanka Mati ya raba musu bango yadda ake raba kunya a gona, kowa da tasa. Nababa ya danne rolar nan kamar yana huɗa, fenti na tsiyaya ta gefe. Haruna yana tsakiyar tasa aka kira azahar, kafin su dawo ta bushe, ya ɗora daga inda ya tsaya. Yanzu bango layi-layi, nan tudu nan kwari. Wallahi in ka watsa gero zai tsiro.

Jiya Fanta, gwaggon amarya, ta leƙo. Ta shafa bango, ta taɓe baki, ta ce ba za su jera kayan 'yarsu a cikin gona ba, ko a gyara ko a ɗaga biki sai bayan kaka. Na san a tsadar nan ba ka da halin wani bokitin. Amma kada ka ƙara aiko mini da baƙar magana. Na goyi ubanka, na goye ka.

Matarka ta fari,
Hure.

Makoda, ranar Asabar.

Ja'afaru marar kunya,

Ina gaishe ka, ko da yake ba ka cancanta ba. Da fatan kana lafiya.

Na kori mazan nan kaf. Ni da ƙawata Larai muka karɓo sanfefa, takardar nan ta goge katako, wurin kafinta, muka goge tudun nan har hannu ya yi kanta. Na ce bango ai bango ne, ko yaɓe ba a barinsa ya sha iska a tsakiya. Na jawo ragowar fentin da ke cikin bokiti, na ɗaura rolar a jikin gora. In na tsoma sai na mirgina ta a faranti ta rage, sannan in bi daga sama har ƙasa ba dannawa, kowane zubi ya hau gefen ɗan'uwansa tun yana ɗanye. Ba na tsayawa sai na kai kusurwa, ko ana sallama. Sumul, kamar ƙwai!

Sai fenti ya ƙare a bango na uku. Na huɗun yana nan gonarsa.

Da safiyar Juma'a na sa aka kwaso kwallayena da langunana, waɗanda aka kawo ni gidan kakanka da su, na jere su a jikin bangon nan har rufi. Na ce wa Fanta gudummawata ce ga amarya. Ta bi bango uku da tafin hannu tana neman abin faɗa, ba ta samu ba. Ta ɗaga kai ta dubi kwallayen, sai ta rangaɗa guɗa. Biki yana nan ranarsa.

Mati kuwa yana can bakin masallaci yana cewa shi ya yi fentin. Allah ya isa.

Ɗakina yanzu wayam, in na yi tari sai ya amsa mini. Ranar da za ka zo cin tuwona, ango, ka taho da kwanonka.

Taka har kullum,
Hure.