Sun Ɗaga Sunana, Sun Zubar da Mutuncin Mijin Wata

Assalamu alaikum Hajiya Kubra. Don Allah ki taimaka mini da shawara kafin abin da muka gina da wahala ya rushe a hannuna. Na sauya sunayen mutanen da zan ambata.

Ni malamar firamare ce a Basirka, cikin ƙasar Gwaram. Shekarun baya yayata ta rasu wajen haihuwa, jini ya ɓalle mata, kafin a samo mota a kai ta asibitin Birnin Kudu rai ya yi halinsa. Bayan an share makoki ni da ƙawata Rahamatu muka kafa ƙungiya. Muka bi 'yan acaɓa da direbobin tasha muka roƙe su, duk macen da naƙuda ta yi wa gardama su ɗauke ta ba tare da ciniki ba. Muka samu matasa masu ba da jini. Shugaban 'yan acaɓa, Malam Maliki, shi ne ƙashin bayan aikin. Da damina ya sha tura babur cikin taɓo don ya isa ƙauye.

To bana wani shafin Fesbuk ya fitar da jerin mata mafiya tasiri a Jigawa, sai ga sunana a matsayi na tara. Hajiya, ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Kuma abin ya yi amfani. Wani Alhaji ɗan garinmu da ke kasuwanci a Kano ya gani, ya aiko mana da adaidaita sahu. Matasan Wurno suka kira suna so su kafa irin tamu. A asibiti ma yanzu idan na gaisa da ma'aikata ana saurarona.

Daga nan masu shafin suka ce za a yi zagaye na biyu da ƙuri'a, wadda ta zo ta ɗaya za su haɗa ta da wata ƙungiyar agaji mai ba da motar ɗaukar marasa lafiya. Suka nemi hoto da labarin wata da muka taimaka. Na tambayi Safiyatu, wadda muka kai asibiti ta haifi tagwaye, ta amince, na tura hotonta. Sai kawai na ga sun rubuta a ƙasa wai mijinta ya gudu ya bar ta tana naƙuda, ni kaɗai na cece ta. Wallahi ban faɗa musu haka ba. Mijin nata, Malam Ɗan'azumi, shi ya fara ba ta jini, yana tsaye bakin ɗakin haihuwa har aka fito da ita.

Yanzu hoton ya zagaye wayoyin gari. Ranar kasuwa ana nuna shi, ana ce masa mai gudu. Ya daina zama majalisa. Ya aiko mini cewa bai yafe ba. Magidanta biyu sun hana matansu kiranmu, wai kada a watsa su a duniya. Malam Maliki kuma ya ce tunda ni kaɗai ce mai ceto, in je in tuƙa babur ɗin da kaina. Rahamatu ta ce in janye sunana yau ɗin nan.

Na rubuta wa masu shafin, suka ce labarin da ya fi taɓa zuciya shi ke jawo ƙuri'a, in yi haƙuri a gama. Kuma ga shi ni ce kan gaba a ƙuri'un. Duk lokacin da na tuna yayata sai in ga motar nan a idona. Ba zan bari ƙungiyar nan ta mutu ba, wannan na ƙudura. Amma ban san ta wace hanya zan raya ta ba. In daure a gama zaɓen, ko in janye?

Taki, Malama Mai Neman Mafita, Basirka.

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan yayarki, ya ba ku ladan wannan aiki.

Ba zan ce miki jerin nan banza ba ne. Adaidaita sahun da ke ƙofar gidanku shaida ce. Aikin alheri da ake yi a ƙauye yana bukatar a san da shi, kuma jin daɗin da kika yi ba laifi ba ne. Amma ki dubi yadda suka yi da labarin Safiyatu. Mutanen da suka ƙaga wa magidanci ƙarya don ƙuri'a ta ƙaru, kika yi magana suka ce ki yi haƙuri, me ya tabbatar miki da alkawarinsu na mota? Kin san sunan ƙungiyar agajin? Kin ji daga bakinta? Su wa suka zauna suka tantance matan da aka jera, da wane ma'auni? Ki tambaye su. Idan suka yi ta kewaye-kewaye, kin samu amsa.

Ko da motar gaskiya ce, ki yi tunani: idan magidanta sun daina kiranku, direbobi sun janye, wa za ta ɗauka, wa zai tuƙa ta? Yardar mutane ce ta sa mata ke isa asibiti da rai, kuma ita ce take zubewa yanzu.

Don haka kada ki jira a gama zaɓe. Ki fara da Malam Ɗan'azumi. Ki tafi gidansa da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ki ba shi haƙuri ba tare da kare kai ba. Ba ke kika rubuta ƙaryar ba, amma ta hannunki hoton iyalinsa ya fita, kuma shi ba a tambaye shi ba. Ki nemi izininsa ki rubuta gaskiyar abin da ya faru da sunanki, cewa shi ya fara ba matarsa jini. Ki roƙi liman ko mai unguwa su faɗa a inda aka ci mutuncinsa, domin ba kowa ke karanta waya ba.

Sannan ki sake rubuta wa masu shafin, a taƙaice: su cire hoton, su buga gyara a fili, su sa sunan ƙungiya a madadin naki. Idan suka yi, ki ci gaba da takara da zuciya ɗaya. Idan suka ƙi, Rahamatu ta yi gaskiya, ki janye, ki faɗi dalili.

Malam Maliki kuwa ba hassada yake yi ba, ciwo ya ji. Ki je tasha da ƙafarki ki same shi gaban mutanensa, ki gode musu ɗaya bayan ɗaya. Ku zauna ku sa doka: ba hoton mara lafiya da zai ƙara fita daga hannunku.

Maganar mota kuma, ku nema da kanku. Alhajin Kano ya riga ya san aikinku, yana da abokai. Ku rubuta wa ƙungiyoyin agaji kai tsaye, ma'aikatan asibiti su shaide ku. Zai fi jinkiri, amma ba wanda zai sunkuyar da kai a kasuwa saboda ita.

Na ji ƙarfin zuciyarki cikin wasiƙar nan, kuma ina da yaƙinin za ki iya. Gobe da safe, kafin ki duba yawan ƙuri'u, ki sa mayafinki ki nufi gidan Malam Ɗan'azumi. Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya raya tagwayen, ya sauki matan Basirka lafiya.

Hajiya Kubra