Babura a Cikin Hoton

Laraba, bayan isha'i

Yau Oga Modu, shugaban sashenmu, ya sa hoto a zauren ma'aikatan agaji na intanet, wai bam ya tashi a Kasuwar Kwastam. Nan take aka fara maganar soke rabon abincin gobe. Na ƙura wa hoton ido, sai ga 'yan acaɓa birjik. Shekara nawa da hana babur a Maiduguri? Na kira Ya Falmata mai shago a kasuwar, ta ce, "Lafiya lau, ƙanwata, ga ni ina awon wake." Na rubuta duka a zauren. Oga ya goge hoton. Ya yi ta fushinsa. Gobe dai motar abinci za ta fita.