Farfesa Ya Yi Magana a Kan Ragata

Laraba, 9 ga Afrilu

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar, ta bar kumburin? Yaya maigidan da yara? Ni lafiyar jiki dai akwai.

Shekara ashirin da shida ke nan ina haɗiye abin da Dogo yake yi mini. Kin tuna shi, wanda yake kwafe littafina a jami'a, Inna tana zuba masa abinci. Yau shi ne Farfesa, ni kuwa mai shirya samfur a ɗakin bincikensa. Takarda arba'in ya fitar da aikin hannuna, ba ɗaya da ta ɗauki sunana.

Ba ki taɓa tambayata aikin ba, to ki ji. Furotin nake ɗigawa a kan 'yar ragar jan ƙarfe wadda ba ta kai ƙwayar wake ba. In tsotse ruwan da takarda, in tsoma ta a sanyin da zai daskarar da ita kafin ƙiftawar ido, sannan madubin lantarki ya ga siffar furotin ɗin. Danshi kaɗan ya ishe ta lalacewa. In zan ɗauke ta da hantsaki, numfashina nake riƙewa. Har a gida ina kama kaina ina riƙe shi wajen zuba shayi.

Bara ya ba ni wani furotin da ya gagari kowa, ya ce in ya fito zai sa sunana kafin in yi ritaya. Wata goma sha huɗu ina fama. Raga ɗari uku na zubar. Ranar Alhamis ɗaya ta yi kyau, ƙanƙararta siririya, ƙwayoyin a baje kamar an jera su. Na ajiye ta a tulun sanyi, saura a ɗauki hotuna.

Shekaranjiya ya shigo da baƙi. Ya buɗe tulun da kansa, mutumin da rabonsa da hantsaki tun yana da gashi. Ya ɗago akwatin da ragar take ciki sama, ya sunkuya a kansa yana bayani. Na ce ya mayar. Ya ce wa baƙin kada su damu, tsohon nan ji yake da ragarsa kamar 'yarsa. Suka yi dariya. Ya ci gaba da zuba, ina kallon tururin bakinsa yana sauka a kai. Minti biyu cur.

Jiya muka saka ta a madubi. Baƙi ƙirin, ko ƙwaya ɗaya ba a gani. Ya dafa kafaɗata wai in sake wata, wai ai hannuna ya saba. Wallahi da kyar na mayar da hantsakin aljihu.

Kada ki rubuto ki ce in yi haƙuri, na gaji da shi. Ki gaida maigidan.

Furotin ɗin ya ƙare, kafin a tace wani sai an yi wata biyar. Ni kuwa ranar talatin ga wannan watan zan miƙa makulli.

Yayanki